Na Gaba Idon Na Baya: Jagora Ga Ɗaliban Jinya Masu Kula Da Sababbin Shiga

A makarantun koyon aikin jinya da ungozoma na Najeriya, watanni shida na farko su ne suka fi kayar da ɗalibai. Wannan shi ne zangon share fage da kowa ya sani da suna PTS, inda ake ɗora wa sabon shiga darasin sassan jikin ɗan Adam, da na yadda sassan suke aiki, da tushen aikin jinya, cikin wani irin Turanci da bai taɓa cin karo da shi ba a sakandare, sannan a ƙarshe a yi jarrabawar tankaɗe da rairaya wadda duk wanda ya faɗi yakan tattara kayansa ya koma gida. Yanzu makarantu da dama sun zama kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba, jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuma suna yin digiri na shekara biyar, amma nauyin shekarar farko bai ragu ba. Malamai ba su da yawa, aji kuma a cike yake, saboda haka wadda ta fi kusa da sabuwar ɗaliba, ta kuma fi sanin inda ramukan suke, ita ce wadda ta riga ta shiga da shekara ɗaya ko biyu.

Da ita nake magana a nan. Na fuskanci mace ne domin mata suka fi yawa a wannan fanni, amma duk abin da za a faɗa ya hau kan namiji mai kula da ƙaninsa. Abin da nake so ya zauna tun da farko shi ne, taimakon da za ki yi wa ƙanwarki ba zai yi tasiri ba sai kin san abin da ya kawo ta aikin jinya. Ɗalibai biyu za su iya faɗuwa gwaji ɗaya da maki iri ɗaya, ɗaya saboda Turanci ya yi mata nauyi, ɗaya kuma saboda tun asali ranta ba a nan yake ba, kuma wadda ta ba su shawara guda ta yi kamar likitan da ya rubuta magani bai duba majinyaci ba.

Mataki na farko: ki duba kanki, ki kuma sanar da makaranta

Kafin ki ɗauki nauyin kowa, ki tabbata naki karatun yana tsaye. Wadda take da darasin da za ta maimaita gara ta fara biyan wannan bashi. A ganina 'yan aji biyu sun fi dacewa da wannan hidima, domin zafin shekarar farko bai huce musu ba, alhali 'yan ajin ƙarshe suna fama da rubutun bincike, da rahoton majinyacin da aka ba su su bibiya, da shirin jarrabawar kansul, wato ta hukumar da ke ba da lasisin aikin jinya. Ƙanne biyu sun ishe ki, uku kuwa iyaka ke nan.

Ki sanar da malamar da ke kula da ajin sababbin shiga, ko da makarantarku ba ta da wani tsari a rubuce. Ta haka za ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa idan wata matsala ta fi ƙarfinki, kuma malamar za ta iya nuna miki yarinyar da ba ta magana a aji, wadda ba ta da 'yar garinsu a makaranta. Idan aka bar zaɓi ga son rai, masu baki da masu kawo tsaraba ne suke samun yayye, wadda ta fi buƙata kuma a bar ta ita kaɗai.

Mun taso da al'adar uwar ɗaki a makarantun kwana, inda siniya take ɗaukar juniya ta kare ta daga horo, ita kuma ta biya da wanki da guga da ɗiban ruwa. Wannan ba ta da wuri a nan. Ranar da kika aike ta ta goge miki yunifom, daga ranar za ta daina faɗa miki abin da ba ta gane ba, domin ta koma mai neman ki yaba mata.

Mataki na biyu: tambayar abin da ya kawo ta

Kada ki fara da wannan tambaya a haɗuwar farko. Idan kika yi haka, amsar da ta haddace domin intabiyu za ta ba ki, wato tana so ta taimaki al'umma ta ceci rayuka, kuma babu abin da za ki iya yi da wannan amsa. Ki fara da abubuwan da suka dame ta a ranar: inda ake samun ruwa da asuba, wane littafi ya zama dole a saya, wanne za a iya ara, wane malami ne ba ya barin mai latti ya shiga aji. Bayan zama biyu ko uku, ki faɗa mata naki dalilin tsakani da Allah, har da ɓangaren da ba ya da daɗin faɗa, sannan ki ce, "Ke fa, ƙanwata, yaya aka yi kika zo nan?" Daga nan ki yi shiru ki saurara, kada ki ƙarasa mata magana.

Akwai wadda ta yi jinyar mahaifiya ko kaka a asibiti tsawon watanni, ta ga bambancin nas mai tausayi da mai tsawa, ta ƙudurta za ta zama irin ta farkon. Wannan tana da juriyar aiki, ba ta ƙyamar gyara majinyaci, amma ita ce mutuwa ta fi girgizawa, musamman idan wanda ya rasu ya yi kama da wanda ta rasa. Ita za ki sa wa ido a makon farko na shiga ɗakin majinyata.

Akwai wadda ta fito daga ƙauyen da babu ma'aikaciyar lafiya mace, inda maigida yakan hana matarsa zuwa awo ko haihuwa a asibiti don kada namiji ya duba ta, har a yi asarar rai. Saboda irin wannan giɓi ne shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012, ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkarar Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ana yi musu shekarar share fage domin su cika sharuɗɗan shiga, da nufin su koma su yi wa garuruwansu aiki. Irin wannan ɗaliba tana ɗauke da fatan gari guda a kanta, kuma sau da yawa tana da aure da goyo. Matsalarta ba ta rasa nasaba da Turanci da ƙarancin lokaci, kuma tsoron kunyar komawa gida hannu rabbana yakan hana ta furta cewa ba ta fahimta. Abin da take buƙata shi ne wadda za ta zauna da ita a kan darasi ɗaya sau uku ba tare da nuna gajiya ba.

Akwai wadda likita ta so zama, ta sami kiredit ɗinta biyar a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, amma makin JAMB bai kai ba, aka ce ta riƙe wannan kafin wata shekara. Tana da ƙwaƙwalwa, takan ci jarrabawar takarda cikin sauƙi, sai dai tana ganin gyaran gado da ɗaukar fo ƙasƙanci ne. Wa'azi ba ya aiki a kanta. Abin da ya fi shi ne ki nuna mata ilimin da ke ƙarƙashin aikin: me ya sa ake juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu, yadda nauyin jiki ke toshe jini a kan ƙashin ƙugu da dunduniya har fata ta mutu ta zama gyambo, da yadda nas ce take fara lura da canjin numfashi da tsakar dare tun kafin a kira likita. Idan ta ga aikin yana buƙatar tunani, sai ta fara ba shi girmansa.

Akwai kuma wadda iyaye suka zaɓar wa, don aiki ne da ba a cika daɗewa ana nema ba, da wadda take hangen Ingila ko Saudiyya, da wadda take neman lada. Musulma za ta ambaci Rufaida al-Aslamiyya, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, ciki har da Sa'ad bin Mu'az bayan yaƙin Gwalalo. Kirista kuma za ta ce kira ne na hidima. Mafi yawan mutane dalilansu a cakuɗe suke, kaɗan daga nan kaɗan daga can.

Kada ki jera waɗannan dalilai ki ce wani ya fi wani tsarki. Neman halali dalili ne mai kyau, kuma wadda ta ce miki albashi ya kawo ta gaskiya ta faɗa, wadda za ki iya gini a kanta. Mai niyyar fita waje ma kina da abin faɗa mata: lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa da doka a 1979, shi ne matakin farko na duk tafiyar, kuma ba a samunsa da haddar dare ɗaya. Abin da ta faɗa miki kuwa amana ce, ba labarin ɗakin kwana ba.

Mataki na uku: ku yanke ƙa'ida

Ku tsayar da rana da lokaci, ko da awa ɗaya ne a mako, a wuri bayyananne kamar aji ko ɗakin karatu. Ku amince cewa babu rance a tsakaninku, babu rubuta wa juna aikin gida, kuma idan ɗaya ba za ta zo ba ta aiko da saƙo. Ki faɗa mata tun yanzu cewa sirrinta yana nan a wurinki, in ban da abin da zai jefa ranta ko na majinyaci cikin haɗari, wanda dole ki kai gaba. Idan namiji da mace ne aka haɗa, a yi zaman cikin rukuni.

Mataki na huɗu: karatu

Kuskuren da yayye suka fi yi shi ne su tsaya suna maimaita lacca. Malami ya riga ya yi wannan. Naki aikin shi ne ki gano inda zaren ya tsinke mata, kuma hanyar ganowa ita ce ki sa ta rufe littafi ta yi miki bayani da bakinta. Ki ce ta bi jini daga lokacin da ya shigo zuciya ta dama, ya tafi huhu, ya dawo ta hagu, ya fita zuwa jiki. Inda ta tsaya tana lalube, nan za ku yi aiki. Babu laifi ku warware abin da Hausa har ya zauna, amma kada ku tashi sai ta mayar da shi Turanci, ta kuma rubuta kalmomin da hannunta, domin da Turanci za a tambaye ta, kuma kuskuren harafi ɗaya a sunan magani yana iya mayar da shi wani maganin daban.

Lissafin magani shi ne abin da na fi so a ba lokaci, don a nan ne tsoron lissafin sakandare yake dawowa, kuma a nan ne kuskure yake kisa. Ki fara da ƙa'ida guda: abin da aka rubuta, a raba da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan da yake ciki. Idan kwalba ta ce akwai miligiram 125 a cikin mililita 5, likita kuma ya rubuta miligiram 200, to 200 a raba da 125 a ninka da 5, ya ba da mililita 8. Haka ƙarin ruwa: lita ɗaya da za ta shiga cikin awa takwas, da bututu mai ɗigo 20 a kowace mililita, ita ce ɗigo 20,000 a raba da minti 480, wato kusan ɗigo 42 a minti. Ki koya mata ta riƙa tambayar kanta ko amsar ta yi kama da hankali. Idan lissafi ya ce a ba jariri kwalba guda, lissafin ne ya kauce. Tambayoyi biyar kullum sun fi hamsin a daren jarrabawa amfani.

Tsofaffin takardun jarrabawa suna da amfani wajen gane salon tambaya, amma ki hana ta haddace amsoshin da ake yawo da su a WhatsApp ba tare da ta duba littafi ba, saboda da yawa a cikinsu kuskure ne da wani ya kwafa daga wani.

Mataki na biyar: daga ɗakin gwaji zuwa gaban majinyaci

Jarrabawar kansul a yanzu tana da ɓangaren kwamfuta da kuma na aikin hannu da ake kira OSCE, inda ɗalibi yake zagaya tashoshi yana yin aiki cikin 'yan mintoci, mai dubawa na tsaye da takardar maki. Tun shekarar farko ya kamata ta saba da wannan. Ki ɗauko littafin matakan aiki na makarantarku, ki zama majinyaciya, ita kuma ta yi sallama, ta gabatar da kanta, ta nemi izini, ta wanke hannu, ta auna miki zafin jiki da bugun jini da numfashi, ta rubuta. Ki sa agogo. Ta san cewa bugun babban mutum yana tsakanin 60 da 100 a minti, numfashi tsakanin 12 da 20, kuma ta san cewa idan ta ga abin da ya fita daga nan, sanar da nas ne aikinta, ba ta rubuta ta wuce ba. Ki bi littafin sau da ƙafa, ko da kin ga ana yanke hanya a asibiti, domin abin da hannu ya fara sabawa da shi yana da wuyar sakewa.

Daren da za a fara tura su asibiti, ki faɗa mata abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba. Ta isa kafin a miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa, ta gaida sista mai kula da ɗakin ta faɗi sunanta da ajinta, ta riƙe ƙaramin littafi da biro da agogo mai nuna daƙiƙa. Ta kira dattijo Baba, dattijuwa Mama ko Hajiya, kada ta kira mutum da lambar gado ko sunan cutarsa. Ta ja labule kafin ta buɗe jikin kowa. Kada ta ɗauki hoton majinyaci ko fayil ɗinsa, kada kuma ta ba da labarin wanda ta gani a kwance, ko da maƙwabcinsu ne, ko da a gida aka matsa mata da tambaya.

A nan ne iyakarki take, kuma ina so ki riƙe ta da kyau. Ke ma ɗaliba ce. Ba ki da hurumin ba ta izinin yin allura, ko sa ƙarin ruwa, ko ba da magani, kuma ba ki da hurumin sa hannu a littafin da ake shaida ayyukan da ta iya. Wannan na nas mai rajista ne ko malamin da ke bin su asibiti. Idan ɗaki ya cika, ma'aikata suka yi ƙaranci, aka ce mata ta yi abin da ba a koya mata ba, ki koya mata ta ce, "Sista, ban taɓa yi ba, don Allah a tsaya a kaina." Idan ta tambaye ki abin da ba ki tabbatar ba, ku tafi tare ku tambaya.

Ki kuma tsare mata lafiyarta. Ki tambaye ta ko ta yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda allura uku ce. Kada ta mayar da murfin allurar da aka yi amfani da ita, ta jefa ta kai-tsaye cikin akwatin da aka tanada. Idan allura ta soke ta, ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ta sanar nan take, domin maganin kariya daga cutar HIV ya fi aiki a sa'o'in farko, kuma ba a fara shi bayan awa 72. Ɗalibai sukan ɓoye irin wannan don tsoron faɗa, shi ya sa ya kamata ta ji daga bakinki tun abin bai faru ba.

Mataki na shida: ranar da gwiwa ta yi sanyi

Wannan rana za ta zo, ko bayan mutuwar farko a gabanta, ko bayan an yi mata tsawa a gaban 'yan uwan majinyaci, ko bayan sakamakon da bai yi kyau ba. Kada ki ce mata kowa ma haka ya sha, ko da gaskiya ne. Ki bar ta ta faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ki tabbata ta ci abinci ta yi barci, sannan washegari ki koma kan abin da ta faɗa miki a mataki na biyu. Wadda ta zo saboda matan ƙauyensu, ki tambaye ta wa zai karɓi haihuwa a can idan ta bari. Wadda ta zo don ta tallafi iyaye, ku zauna ku ƙirga watannin da suka rage. Wadda mutuwa ta tayar wa da tsohon miki kuwa ba ta buƙatar hujja, tana buƙatar wanda zai zauna kusa da ita, da kuma malamar da za a roƙa ta sassauta mata na 'yan kwanaki.

Wani lokaci kuma za ki gane cewa yarinyar ba ta son aikin ko kaɗan, kuma ba gajiya ba ce. Ba naki ba ne ki riƙe ta dole, ba naki ba ne kuma ki ce ta tafi. Ki raka ta wurin malamar aji, a yi magana da iyayenta, a duba ko wani fannin lafiya zai fi dacewa da ita. Akwai abubuwan da ba a jira da su ko kwana ɗaya: idan ta daina cin abinci da barci na tsawon lokaci, idan ta fara maganar gajiya da rayuwa, idan ta fara shan ƙwayoyi don ta iya karatun dare, ko idan wani malami ko ma'aikaci yana matsa mata da neman lalata. Waɗannan sai hukumar makaranta da likita, kuma ki faɗa mata cewa za ki kai maganar kafin ki kai.

Mataki na bakwai: waiwaye da miƙa ragama

A ƙarshen kowane zango ku zauna ku duba abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, ki kuma sake yi mata tambayar nan ta abin da ya kawo ta, domin amsar takan canza. Wadda ta shigo tana jiran JAMB ta gaba tana iya ce miki yanzu ɗakin haihuwa take so, sai ki haɗa ta da wata 'yar ajinku da ta fi ki sanin wannan ɓangare. Idan kin ga ta fara gyara miki lissafi, ki rage zaman zuwa sau ɗaya a wata.

Kafin ki shiga shirin jarrabawar ƙarshe, ki sanar da malamar aji cewa kin sauke, ki ba da sunan ƙanwar taki idan kin ga za ta iya riƙe wata. Ki bar mata littafin da kika tara tambayoyin lissafi da bayanan ɗakunan asibiti, bayan kin cire duk shafin da ke ɗauke da sunan majinyaci ko sirrin wata ɗaliba.